Fas ba garin kwana ɗaya ba ne

Duk lokacin da na ga wani ya saka hotonsa a gaban ƙofofin tagulla na fadar sarkin Maroko da ke Fas, ya rubuta "Alhamdulillahi, mun ga Fas", sai abin ya tsaya mini a rai. Ɗan'uwa, da sauranka. Ƙofa ka gani, ƙofar da ba a buɗe wa baƙo, wadda ma a zamanin Sarki Hassan na biyu aka ƙera ta. Garin da ya haura shekara dubu da ɗari biyu yana can ƙasa a cikin kwari, ba ka ko taka shi ba.

Na san abin da ke kai yawancinmu can: ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya zauna a garin tun 1798 har Allah ya karɓi ransa a 1815. Ni ma ita ta kai ni, kuma natsuwar da na samu a zawiyarsa bayan la'asar ba ta faɗuwa da baki. Damuwata ita ce yadda ake tsara tafiyar. A yi ziyara, a tsaya hoto, sai ɗan jagora ya kora ku kamar tumaki zuwa shagon darduma da na turare, inda yake da kamasho, washegari ku kama hanya. Namu sai da muka yi sa-in-sa da shi kafin ya yarda ya bar mu. Na ƙara kwana uku, kuma a cikinsu ne na fara ganin inda nake.

Ka shiga ta Bab Bujlud, ƙofar nan mai shuɗi ta waje, kore ta ciki. Daga nan ba sauran mota. Lunguna ne dubbai, wani ma in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya jingina da bango. In ka ji an ce "Balak! Balak!" a bayanka to ka kauce, alfadari ne ɗauke da tukwanen gas ko fatu. Har yau a bayan dabba da amalanke kaya ke shiga tsohon garin. Tun 1981 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, amma mutanen ciki ba don kallo suke zaune ba. Yara na dawowa daga makaranta, mata na kai ƙullin burodi gidan gashi a kan faranti, mai shago na cinikinsa.

Abin da ya fi kama ni shi ne makarantun da sarakunan Banu Marin, waɗanda suka mulki Maroko a da, suka gina. A Attarin, wadda aka gama a 1325, na tsaya a tsakar gida na rasa inda zan sa ido. Daga ƙasa ƙananan tayil ne masu launi da suke kira zallij, kowane guntu da guduma aka sare shi aka jera. Samansu ayoyi ne da baitoci da aka sassaƙa a jikin bango, can sama kuma katako ne da aka yi wa ado kamar saƙa. Sai na hau bene, na tarar da ɗakunan ɗalibai. Ƙanana ne ƙwarai, daga shimfiɗa sai 'yar taga, bangon ba ado ko kaɗan. Yaron da ya baro ƙauyensu don karatu a Ƙarawiyyin, babban masallaci kuma jami'ar garin, nan ake ba shi makwanci da burodin yini daga dukiyar waƙafi. Sarki ya zuba dukiya mai yawa don almajiri ya buɗe ido da asuba ya ga kyau irin wannan kafin ya tafi darasi. Na daɗe zaune a bakin ɗaya daga cikin ɗakunan ina tunanin irin darajar da aka ba mai neman ilimi a wurin nan.

Ita kanta Ƙarawiyyin mace ce ta assasa ta. Masu tarihi sun ruwaito cewa Fatima al-Fihri, wadda danginta suka yi ƙaura daga Ƙairawan ta Tunisiya, da gadon mahaifinta ta gina masallacin a 859, 'yar'uwarta Maryam kuma ta gina na Andalus a ƙetaren kogi. Ibn Khaldun ya zauna a garin yana aiki a fadar Sarki Abu Inan, kuma daga baya ya yi wa ɗakin karatun masallacin waƙafin kwafin littafinsa na tarihi. Sarkin nan dai shi ya sa Ibn Battuta ya zauna a rubuta labarin tafiye-tafiyensa bayan dawowarsa daga Mali. Shi ne kuma mai makarantar Bu Inaniya, wadda a gabanta za ka ga ragowar agogon ruwa na 1357, tagogi goma sha biyu a jere a jikin bango. Mutane na wucewa ta ƙarƙashinsa ba sa ko ɗaga kai, don ba wanda ya gaya musu.

Majemar Shuwara kowa na zuwa, don shagunan fata na kewaye da ita. Za a miƙa maka ganyen na'a-na'a ka kanga a hanci saboda wari. Ka karɓa, amma ka leƙa ƙasa da kyau: mutane ne tsaye cikin ramuka har cinya, suna tattake fata a ruwan farar ƙasa da kashin tattabara kafin a kai ta rini. In ka ga wannan, ba za ka yi wa mai jaka tayin wulaƙanci ba. Dandalin Saffarin kuma kunnenka ne zai kai ka, don tun daga nesa kake jin gudumar maƙeran tagulla.

Gab da magariba ka hau tudun da kaburburan Banu Marin suke. Sun zama kango, amma daga nan garin duka yana tafin hannunka, koren rufin Ƙarawiyyin a tsakiya. Kiran salla na tashi daga hasumiya ɗaya, wata ta karɓa, har kwarin ya cika. Kusa da wurin akwai Burj Nord, ganuwar da Ahmad al-Mansur ya gina a 1582. Shi ne sarkin da rundunarsa ta ƙetare Sahara ta karya daular Songhai a 1591. Ban iya kallon ginin ba tare da tuna Timbuktu da malamanta da aka kwashe ba. Wannan ma yana cikin tarihin, kuma ya kamata mai ziyara ya san shi.

Wajen gari kuwa, ka ba shi yini guda cur. Miknas tafiyar kamar kilomita 60 ce, birnin Maulaya Isma'il da ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727. Ka ga Bab Mansur da manyan rumbunan hatsinsa, ka wuce, don inda nake so ka daɗe yana gaba. Walili, wadda Turawa ke kira Volubilis, kufan birnin Rumawa ce a tsakiyar gonakin zaitun. Daɓen gidajen masu kuɗinsu na nan da zanen ƙananan duwatsu masu launi, duwatsun matse man zaitun na nan, tsuntsaye dangin shamuwa sun yi sheƙa a kan ginshiƙai. A nan Idris ɗan Abdullahi, tattaɓa-kunnen Sayyidina Hassan, ya sauka a 788 yana gudun Abbasiyawa, Barbar ɗin wurin suka yi masa mubaya'a. Kana tsaye a kufan kana hango farin garin Maulaya Idris a jikin dutsen Zarhun, inda kabarinsa yake. Shi ya aza harsashin Fas, ɗansa Idris na biyu ya raya ta ya mai da ita fada. Mutumin da ya zo shi da bawansa ɗaya, ba runduna ba dukiya, daga gare shi duk abin da na lissafa ya faro. Amma cikin ayarinmu ba wanda aka ce da shi ga hanyar Zarhun.

Don Allah masu shirya wa jama'a tafiya, ku ƙara kwana. Wanda ya tara kuɗin jirgi shekara da shekaru bai cancanci a nuna masa ƙofa rufaffiya da shagon darduma a ce ya gama ba. Ni kaina akwai sauran bashi a kaina: ɓangaren Andalus ban yi masa adalci ba, wucewa kawai na yi da yamma ana rufe shaguna. In Allah ya sake kai ni, daga masallacin Maryam zan fara.