Gida guda, layi guda, kuma wai shi ma'aikacin wuta ne

Yau kwana 9 muna kwana cikin ƙura a gidan da na gama gyarawa wata 4 da suka wuce. Bangon da na biya magini ya yaɓe, na biya mai fenti ya shafe, shi ne ake ta sara da guduma a gabana. Duk saboda mutum guda da ya ƙi zama ya ɗauki biro da takarda na minti 20.

Gidan mahaifinmu ne a Garin Malam: ɗaki 4, falo, zaure, madafa da makewayi. Da muka sake rufi, na ce a sake jan wuta gaba ɗaya kafin a yi yaɓe. Aka kawo mini wani yaro, ɗan uwan maƙwabcina. Na ce masa mu zauna mu zana inda kowane ampul zai zauna, da inda makunninsa zai faɗo. Ya yi dariya ya ce, “Haba Alhaji, ai duk a kaina yake.” Ni ma da laifina. Wani ya nemi kusan ninkin kuɗinsa, na ga sauƙi na manta araha ba ta ado.

Daren farko uwargida ta jona abin guga, gida ya yi ɗif. Na leƙa waje na ga maƙwabta da haskensu. Mu mutanen Damagaram mun san duhu, musamman tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, kuma mun koyi haƙuri da shi. Amma a ce unguwa da wuta, ni kaɗai nake laluben dijonktar, wato na'urar da ke yanke wuta in kaya sun yi wa layi yawa, da tocilar waya, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, Inna tana kira daga ɗakinta fanka ta tsaya? Wannan ba ƙaddara ba ce, ganganci ne. Ruwan farko na damina kuma ya shiga fitilar ƙofar gida, ya sake jefa mu duka cikin duhu.

Abin da ya sa na daina haƙuri shi ne ranar da ɗana ya hau kujera zai canja ampul ɗin zaure. Makunni a kashe, ni da hannuna na kashe shi. Yatsansa ya taɓa cikin mazaunin ampul ɗin, wuta ta fizge shi ya faɗo. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya ƙuje. Da ma akwai wani ampul a ɗakin yara da ko an kashe shi sai ya riƙa ƙyalli da dare kamar idon kyanwa. Na tambayi yaron, ya ce wai ampul ɗin China ne haka suke.

Na samo wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Ya kashe makunnin zaure, ya sa sukurdirebansa mai ɗan haske a mazaunin ampul, ya kama ja. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, wanda ya yi maka wannan ba ya tsoron Allah ko bai san aiki ba. Zaɓi guda.” Wayar da ke ɗauke da wuta ita makunni ya kamata ya yanke. Yaron kuwa ya yanke ɗayar, ya bar 220 volt tsaye a cikin kowace fitila dare da rana. Kuma ta yaya ma zai bambance? Ƙa'ida ita ce shuɗiya ta dawowa, mai kore da rawaya ta ƙasa, ja ko baƙa ta wuta. Gidana kaf waya kala guda ce, ta ƙasa kuwa babu ita sam.

Dattijon ya ce a ƙa'idar Faransa da aka koyar da su, NF C 15-100, layin fitilu daban, layin wuraren jona kaya daban. Na fitilu waya mai kauri milimita murabba'i 1.5, dijonktar ɗinsa kada ya wuce ampiya 16, kuma kada a ɗora masa fitila fiye da 8. Na jona kaya 2.5. A saman su duka a sa mai tsaron rai na miliampiya 30, wanda ke yanke wuta nan take in ta bi ta jikin mutum. Muka ƙirga nawa: fitila 14, fanka 5, firji, injin jan ruwa zuwa tanki, duk a kan siririyar waya guda. Da ya buɗe filafon ɗin falo, sai ga wayoyi an murɗe su da hannu an naɗe da salatif, salatif ɗin ya narke ya manne, katakon kusa da shi ya yi baƙi. A ƙarƙashin wurin jikokina suke kallon talabijin. Ya kankare wata waya da wuƙa, jan ya tafi, fari ya fito: alminiyom ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ni kuwa kuɗin jan ƙarfe na bayar, yaron ya ce a Kasuwar Dole ya sayo mai kyau.

Cikin bango ma bai sa tiyo ba. Ya binne waya tsirara cikin siminti, kuma a karkace, daga wannan kusurwa zuwa waccan don ya rage tsawo. Da a tiyo take, da an zare an sake zura wata. Yanzu dole a fasa. Ko ƙusar rataye agogo ba na iya bugawa, don ban san inda ta bi ba. Makunnin ɗakin Inna kuwa bayan ƙyaure ya sa shi, tsohuwa mai ciwon ƙafa. Na roƙe shi tun farko ya sa mata guda biyu, ɗaya a ƙofa ɗaya a bakin gado. Ya ce to, bai yi ba.

Na so in kai ƙara, maƙwabcina ya zo da dattawa biyu har zaure, “A yi haƙuri Alhaji, yaro ne, zumunci ya fi kuɗi.” Ba wanda ya ce zai sayi buhun siminti ko guda.

Jiya da la'asar, ina tsaye ana kwashe ɓaraguzan ɗakin Inna, wayata ta yi ƙara. Shi ne. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya ce yana tuna mini da cikon jika 15 da ya rage na aikinsa.