Ranar suya ba a ɓoye cibi

Tunda rabinku kun riga kun ji labarin a bakin maƙwabcina, kuma na san irin gishirin da ya zuba masa, gara ku ji daga bakin mai tabon.

Maijego tana gidansu wankan gida, kwana goma sha biyu da haihuwa Babbar Sallah ta same mu. Na yanka ɗan ragona, aka feɗe, aka rataye shi ya kwana. Da daddare ƙanwarta ta bugo waya, wai "Yaya, gobe da sassafe zan zo in yi maka suya." Na ce ta zauna ta kula da 'yar'uwarta, suya ai ba karatun likita ba ce, ni da na yi shekara guda cur ina bautar ƙasa a Inugu ina dafa wa kaina Indomie. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Yaya, Allah ya ba da sa'a." Kun san muryarta in ta faɗi haka.

Washegari, ranar Hawan Daushe, na haɗa murhu a tsakar gida, na aro kasko da matsami wajen mai ƙosan bakin layi, na juye mangyaɗa kwalba huɗu. Tun wajen yanka albasa wuƙa ta ɗan gaisa da babban yatsana, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Na daka attaruhu, na kwashe shi daga turmi da hannu. Na tafasa kayan ciki da citta da kanumfari da tafarnuwa, gida ya ɗauki ƙamshi, har na ɗauki hoto na tura wa maijego don ta san ba a mutu ba. Zafin rana da na itace suka haɗu, sai na naɗe singiletina zuwa ƙirji, daga ni sai gajeren wando. Ai gidana ne, kuma ba kowa.

Abin da ban sani ba, kuma duk matan duniya suka sani suka ɓoye mini, shi ne nama in an tafasa shi sai an zuba a kwando ya tsane. Ni kuwa robar na ɗauko gaba ɗaya, da guntun romonta a ƙasa, na tsaya a kan kasko na juye daga tsaye kamar mai zubar da shara.

Ban ga komai ba, ƙara kawai na ji. Tumbin rago ya shiga mai, mai ya fito ya nemi tumbin mai rago.

Duk rayuwata ina zaton ranar da masifa ta same ni salati zan fara yi. Wallahi abin da ya fito daga bakina shi ne "Wayyo Inna!" Ni da shekara talatin da shida da ɗan gemuna. Kuma ba sau ɗaya ba. Ina yi ina zagaya turmi, ina fifita ciki da murfin roba.

Ina cikin haka sai na ji an ce, "Subhanallahi! Maƙwabci, lafiya?" Na ɗaga kai, sai ga kansa a saman katanga. To katangar nan ta fi tsawon mutum, ya aka yi ya leƙo? A kan tsanina yake tsaye. Tsanina na ƙarfe, wanda ya ara shekara biyu da suka wuce don ya gyara eriya, ya ce "yanzu-yanzu zan dawo da shi." Sau uku ina aika yaro. Na farko aka ce yana barci. Na biyu aka ce ƙaninsa ya tafi da shi Kurna. Na uku shi da kansa ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce ai tuni ya dawo da shi, in dai duba da kyau, har ya sa na koma gida ina leƙa bayan ɗaki kamar wanda ya ɓatar da allura. Tsani fa! Ina mutum zai ajiye tsani mai hawa tara ya manta? Kuma wannan mutumin shi ne wanda in kazarka ta tsallaka gidansa sai ya kawo maka lissafin tsabar da ta ci. Ina tsaye cikina na ci da wuta, amma abin da ya fara zuwa raina shi ne: ashe yana nan.

Kafin in yi magana ya sauka ya zagayo, ya shigo ba sallama, hannunsa riƙe da makilin. Ya ce kada in kuskura in sa ruwa, ruwa shi ke sa ƙuna ta tashi. Ya matse rabin makilin ɗin a cikina, ya bi da yatsa yana shafawa kamar mai yaɓe, daga ƙasan ƙirji har cibiya, ya gangara damtsen hagu. Ya ce akwai ƙwai? Na nuna kicin. Ya fasa biyu ya ɗora a kai. Ya tambayi manja, Allah ya taimake ni babu. Ya ce gishiri ma yana yi, nan dai na ce a'a. Duk wannan aikin da hannu ɗaya yake yi, ɗaya hannun yana cikin kasko da matsami yana tsamo hanta, wai kada ta ƙone a yi asara biyu.

Sai aka yi sallama a soro.

Na gane muryar tun kafin a rufe baki. Kawun maijego ne, wanda ya ba da aurenta, ya shigo gari ya ce bari ya biyo ya karɓa mata cinya da ƙauri. Na buɗe baki in ce a ɗan dakata, maƙwabcina ya riga ni, da hanta a bakinsa: "Ku shigo, ku shigo, ai ba mata a gidan!"

Kawu ya shigo da farar shadda, babbar riga ta sha aiki, hula zanna, ƙamshin turare na binsa. A bayansa ga ƙanwar maijego, wadda na ce ta zauna a gida. Ni kuma ga ni a tsakiyar gida, gajeren wando, singileti a naɗe a hammata, ciki fari fat da makilin, gwaiduwa tana gangarowa a hankali tana neman hanyar cibiya, yatsa ɗaure da tsumma.

To suruki ne, ba a gaishe shi a tsaye. Na durƙusa. Wanda bai taɓa durƙusawa da ƙuna a ciki ba, ba zai gane ba: fatar nan ta naɗe, ƙuna ta haɗu da ƙuna, makilin ya shiga tsakani. Kuma kun san gaisuwar Kawu, ba ya tsallake ko ɗaya.

"Barka da Sallah."

"Barkanmu dai, Kawu."

"An yi Sallah lafiya?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Ya hidima?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya aiki? Ya gida? Ya su Alhaji? Ya aka ji da zafi?"

Zafin gari yake nufi, na sani. Amma yarinyar nan ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Kawu kuwa bai kalli cikina ko sau ɗaya ba. Ya kafa idonsa a kan igiyar shanya, yana ta jero gaisuwa, shi a dole yana rufa mini asiri. Da ya tambaya ma da ya fi mini sauƙi. Ina "lafiya lau, lafiya lau," hawaye suka fara zubowa da kansu. Na ce kai, ba zan yi kuka a gaban suruki ba, na sa hannu na murje ido.

Hannun da na kwashe attaruhu.

Nan fa na manta da ciki gaba ɗaya. Ido ya rufe ruf, hanci ya ɓalle. Ina durƙushe ina lalube, na san akwai tsumma a kan turmi kusa da ni. Hannuna ya kama wani ƙyalle mai laushi, na jawo, na goge ido, na goge hanci, na ma ɗan dangwala a ciki. Ina jin ƙyallen yana ɗan ja da baya, ni kuma ina ƙara riƙewa. Sai da na ji ƙamshin turare.

Hannun babbar rigar Kawu ne.

Ba wanda ya yi magana. Ko mai a kasko sai da ya yi shiru. Da na samu na buɗe ido ɗaya, sai ga taswira a farar shadda, fari da rawaya da ɗan ja-ja. Kawu ya dubi rigarsa, ya dube ni, karo na farko ke nan, ya ce a hankali, "Sannu, Malam. Allah ya ƙara sauƙi." Ya saɓa hannun rigar a kafaɗa ta yadda wurin zai ɓuya. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da ban tsaya ɗaukar takalmi ba. Shi kuwa maƙwabcina cewa ya yi, "Ai Alhaji makilin ba ya kama shadda," ya kai wata hantar baki.

Yarinyar ce ta ruga ta kira malamar asibitin nan ta ƙarshen layi. Tana shigowa ta ga cikina ta ce, "Wa ya yi wannan aika-aikar?" Na waiga, ba maƙwabci, ba rabin hanta. Ta zaunar da ni a kan turmi ta yi mini tatas. Ta ce man suya yakan kai digiri 180, ruwa kuwa a 100 yake tafasa, shi ya sa ɗigon romo in ya faɗa ciki nan take yake zama tururi, ya kumbura ninki fiye da dubu, ya watso mai waje. Ta ce ƙuna ba abin da take so da farko sai ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara mata na minti 20. Makilin da manja riƙe zafin suke yi a fata, ɗanyen ƙwai kuma ƙwayoyin cuta yake kawowa, sannan duk sai an wanke su kafin a ga ciwon. Wankewar nan ita ce suya ta biyu. Famfonmu kuwa kun san rabonsa da ruwa, sai da aka tsayar da ɗan garuwa, shi ma ya ga ranar Sallah ce kuma ya ga halin da nake ciki, ya ninka kuɗin jarka. Da buta aka yi ta zuba mini, Kawu yana zaune a tabarma yana jan carbi, yana kallon igiyar shanya.

Ta shafa magani, ta rufe da bandeji, ta duba yatsa ta ce gobe in je a yi mini allurar tetanus. Ta ce in ya ɗuri ruwa kada in fasa. Kwana biyu bayan nan wani ya leƙo ta katanga ya ce in kawo allura ya fasa mini ruwan ya fita. Ba sai na faɗi ko wane ne ba, ko a kan me yake tsaye.

Ƙanwar maijego ta soye naman tas kafin la'asar, ba ko ɗigon mai a hannunta. Ta rantse ba ta ɗauki hoto ba, amma ranar da na je ganin jariri ina shiga gidan yara suka fara "Wayyo Inna," ita kuma ba ta nan lokacin da na faɗa, don haka akwai wanda ya kai labarin har can, kuma ina da wanda nake zargi. Na aika wa Kawu sabuwar shadda yadi goma, ya dawo da ita ya ce ba komai, an wanke ta fita.

Tabon yana nan gefen cibiya, maijego ta ce ya yi kama da taswirar Katsina. Ni ban ga kamar ba. Jiya na sake aika yaro karɓo tsani, aka ce yana barci.