Yawan jama'ar Kano: lissafin da bai kamata ya jira ƙidaya ba

Duk sanda aka tayar da zancen yawan jama'a a Kano, hirar ba ta wuce wuri guda: mu ne kan gaba ko Legas? Ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, ta ba Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ƙi yarda da sakamakon, kuma tun daga lokacin ake ja-in-ja. Jayayyar tana da dalili. A kuɗin da jihohi ke rabawa tsakaninsu daga asusun tarayya, kashi 30 cikin 100 ana raba shi ne bisa yawan jama'a, kuma da yawan jama'ar ake yanka mazaɓun tarayya, shi ya sa Kano ke da kujeru 24 a Majalisar Wakilai. To amma wannan adadin na teburin rabo ne a Abuja. Wanda ya shafi magidanci a Kurna ko Sheka daban yake: jarirai nawa aka haifa bana, a wace unguwa, kuma a ina za su zauna ranar da suka isa shiga firamare. Wannan lissafin ne muka yi wa riƙon sakainar kashi, alhali yana iya yiwuwa ko da ba a yi ƙidaya ba.

A ƙidayar 1991, 'yan watanni bayan an cire Jigawa, Kano na da mutum miliyan 5.8. Kafin shekara 15 ta cika an samu ƙarin miliyan 3.6, wato sama da kashi 3 cikin 100 a kowace shekara. Jama'ar da ke ƙaruwa da wannan saurin tana ninka kanta cikin shekara 21 zuwa 23. Ƙidayar da ta kamata a yi a 2016 ba a yi ta ba, wadda aka sa wa rana a watan Mayun 2023 kuma aka ɗage ta ana saura kwanaki. Kiyasin hukuma ya riga ya haura miliyan 15. Mu tsaya a kan miliyan 15 ɗin, don kada a ce an yi zuzutawa.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna ana samun haihuwa 38 a cikin kowane mutum 1,000 a shekara. Wannan matsakaicin ƙasa ne baki ɗaya, na Arewa maso Yamma ya fi haka, domin binciken ya ce mace a wannan shiyya tana haihuwar 'ya'ya 6.6 a rayuwarta idan aka yi tsaka-tsaki, ta Legas kuma 3.4. Ko da matsakaicin ƙasar aka yi aiki, miliyan 15 na ba da jarirai 570,000 a shekara, sama da 1,500 a kowace rana ta Allah. Idan aka cire waɗanda Allah ke karɓar abinsa tun suna ƙanana, kuma suna da yawa abin takaici, yaran da ke tsakanin shekara 6 zuwa 11 ba za su gaza miliyan biyu da rabi ba. Kashi 3 cikin 100 na wannan shi ne yara 75,000 da ke ƙaruwa a kan na bara. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. A raba 75,000 gida 35, za a ga ana buƙatar sababbin azuzuwa sama da 2,000 da malamai sama da 2,000 duk shekara. Kuma wannan don a tsaya inda ake ne kawai. Bai taɓa yaran da tun farko ba sa zuwa makaranta ba, bai cike gurbin malamin da ya yi ritaya ba, bai gyara rufin da iska ta yaye ba.

Nan ne asalin ajin da ake gani da yara ɗari ko fiye, na gaba a kan benci, na baya a ƙasa, wasu a bakin taga, malama tana ɗaga murya har ta dishe. Malamin da ke da littattafai ɗari a gabansa ba zai duba aikin kowa ba, sai ya rubuta a allo a kwafa. Yaro ya shekara shida yana kwafa ya fita bai iya haɗa baƙi ba. Gwamnatin jiha ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Duka biyun niyya ce mai kyau. Ma'aunin da ya dace a riƙa auna su da shi guda ne: azuzuwan da aka gina da malaman da aka ɗauka bana sun kai ƙarin yaran bana, ko sun gaza? Idan sun gaza, to baya aka ci, komai yawan bikin buɗe gini.

Sai kuma tambayar ina mutanen suke. A 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, wato Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, suna da mutum miliyan 2.8, kusan kashi 30 cikin 100 na jihar. A lokacin an ƙidaya wa Kumbotso kimanin 296,000, Ungogo kimanin 370,000. Duk wanda ya san Rijiyar Zaki, Bachirawa, Rimin Kebe, Danbare, Gaida ko Zawachiki ya san waɗannan alƙaluma sun zama tarihi. Cikin ganuwa ya cika tuntuni. Saurayin da aka haifa a Yakasai ko Gwammaja idan ya tashi aure ba ya samun ɗaki a gidan gado, sai ya fita bayan gari. A can zai haɗu da ɗan cin rani da ya daina komawa gida, da iyalin da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara ko Katsina, da wanda rikicin Boko Haram ya taso daga Borno ko Yobe, da ɗan kasuwa daga Maraɗi ko Damagaram. Birnin ya kutsa cikin Gezawa, Dawakin Kudu, Dawakin Tofa da Tofa, amma a takarda har yanzu ana yi wa waɗannan wurare kasafi irin na karkara.

Yadda ake mayar da gona unguwa shi ne inda ɓarnar take farawa, kuma kowa ya san sunansa: awon igiya. Mai gona ya ga gari ya iso shi, dillali ya zo da igiya da turaku, a yanka gonar gunduwa-gunduwa, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 sai a tsaga shi biyu ko huɗu don ya yi daidai da aljihun mai saye. Tun da kowane taku kuɗi ne, hanya ce ke fara shan wuya. Za ka tarar da lungun da motar 'yan kwana-kwana ba ta shiga, wani ma da ƙyar masu ɗauke da makara ke juyawa a kwanarsa. Ba a bar filin makaranta ba, ba na asibiti, ba na maƙabarta, ba wurin dasa taransifoma, ba hanyar da ruwan sama zai bi. Kududdufan da a da suke shanye ruwan damina an cike su da shara an yi gini a kai, shi ya sa ruwan awa biyu ke shiga ɗakunan mutane.

Akwai wata illa da ido ba ya gani. Ma'aikatan tsafta suna son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin shadda da rijiya. Fuloti mai ƙafa 25 da 50 tsawonsa gaba ɗaya mita 15 ne. Ko mai gida ya nisanta tasa shaddar da rijiyarsa, ta maƙwabci na jingine da katanga. Amai da gudawa da ke dawowa duk damina daga irin wannan wuri yake samun ƙofa.

Ba na ɗora wa mai sayen awon igiya laifi. Mutum ne da ke neman inda zai rufa wa iyalinsa asiri, kuma fulotin gwamnati ya fi ƙarfinsa ko bai san ta inda ake samunsa ba. Gyaran yana hannun hukumar tsara birane, kuma yana da araha idan aka yi shi da wuri. Tun gona tana gona za a je a shata manyan hanyoyi, a kafa turakun siminti, a ware filin makaranta da na asibiti da maƙabarta, a biya diyyar gona, a sanar da dagaci da masu unguwanni cewa duk cinikin da ya ci iyakar turaku bai halatta ba. Ragowar a bar wa masu gona su sayar. Idan aka bari sai an yi gini, abin da ya rage shi ne rusau, da diyyar gidaje wadda ta ninka ta gona sau da yawa, da kuka da gaba tsakanin jama'a da gwamnati. Kano ta taɓa yin irin wannan hangen: akwai tsarin raya birnin na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. An yi shi ne don garin da bai kai rubu'in na yau ba.

Ruwa ma lissafinsa a fili yake. Mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 50 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Gida mai mutum takwas lita 400 ke nan, jarka 16 mai cin lita 25, fiye da abin da yawancin 'yan garuwa ke turowa a kura ɗaya. Sabuwar matatar ruwa ta Tamburawa an gina ta ne don tace lita miliyan 150 a rana. Ko da tana aiki ba dare ba rana, wuta ba ta ɗaukewa, bututu ba ya yoyo, mutum miliyan 3 za ta ɗauka. Akwai matatun Challawa da Watari, amma bututun bai isa yawancin sababbin unguwanni ba. Kowa sai ya koma haƙa rijiyar burtsatse, alhali yawancin ƙasar birnin a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta a tsagogin dutse yake taruwa, ba shi da yawa. Maƙwabci ya zurfafa tasa, taka ta ƙafe a watan Afrilu. Jihar da ke da madatsun Tiga da Challawa Gorge ruwa ba shi ne ya gagare ta ba, tacewa da turawa da shimfiɗa bututu ne ba su bi saurin gari ba.

A karkara kuwa gona ce ke tsukewa. Ƙasar da ke kewaye da Kano ta daɗe tana cikin mafi cunkoson manoma a yankin, ana nomanta duk shekara ba hutu, da taki ake riƙe ta. Manomin da ya bar eka shida da 'ya'ya maza huɗu da mata huɗu, bayan an fitar da tumunin matansa, kowane namiji ba zai samu eka ɗaya cikakkiya ba. Rabon gado haƙƙi ne da Allah ya hukunta, babu mai ja da shi. Sai dai eka ɗaya ta gero da wake ba ta ciyar da gida shekara, don haka saurayi ya nufi birni. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka ɗauki iyayensa aiki da yawansu sun rufe, musamman masaƙu. Abin da ya tarar shi ne dako a kasuwar Singa ko ta Dawanau, tura kura, ko tuƙa Adaidaita Sahu ta wani. Noman rani na Kadawa da Kura ya nuna abin da ruwa ke yi wa ƙaramar gona: eka ɗaya mai ba da shinkafa da damina, tumatir ko alkama da rani, tana riƙe matashi a garinsu. Faɗaɗa irin wannan, da ba Wudil, Bichi, Rano, Gaya, Gwarzo da Dambatta wuta da ruwa da asibitin kirki, shi ne zai rage wa birnin nauyi.

Zancen haihuwa shi ne wanda ake kauce wa, kuma bai kamata ba. Mutanenmu na cewa jama'a rahama ce, kuma bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Haka ne. Babu gwamnatin da ke da hurumin ƙayyade wa mutum yawan 'ya'yansa. Amma tazarar haihuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, kakanninmu sun san illar kwanika, likitoci kuma suna ba da shawarar a bar wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Uwar da ta huta jininta na dawowa, na goye ya sha nono ya ƙoshi, tamowa ta ragu. Yarinyar da ta kammala sakandare ta fi zuwa awo, ta fi kai ɗanta rigakafi. Annobar mashaƙo da ta fi tsanani a Kano a 2023 yaran da ba a yi wa rigakafi ba ta fi kamawa. Duk da haka a sani, kusan rabin jama'ar jihar ba su kai shekara 15 ba. Iyayen shekara ashirin masu zuwa an riga an haife su, suna cikin azuzuwan nan masu cunkoso. Ko yau kowane gida ya fara ba da tazara, yawan jama'a zai ci gaba da hawa na tsawon lokaci, don haka gini da tsari ba su da madadi.

Kayan aikin lissafin kuma suna nan a hannu. Masu rigakafin shan inna sun shekara da shekaru suna bin Kano gida-gida, suna rubutu da alli a jikin ƙofa, suna da taswirar unguwanni da rugage da adadin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ma'aikatar ilimi na ƙidayar makarantu. Asibitoci na da rajistar awo da ta haihuwa. Babu sunan da ake raɗawa a unguwa liman da mai unguwa ba su sani ba. Jihar na da mazaɓun kansiloli 484. A ba kowane mai unguwa littafin rajistar haihuwa da mutuwa, ya miƙa wa dagaci duk wata, dagaci ya miƙa wa hakimi, jami'in Hukumar Ƙidaya na ƙaramar hukuma ya fitar da takardar haihuwa daga nan, hukumar ƙididdiga ta jiha ta haɗa wannan da alƙaluman rigakafi da na makarantu ta wallafa su mazaɓa-mazaɓa kafin a rubuta kasafin kuɗi. Abin da ke kashe irin wannan shiri sananne ne: a raba littattafai a yi biki, a daina biyan ɗan alawus bayan wata uku, ko a fara kumbura adadi saboda an ji za a yi rabo da shi. Maganin kumburawa shi ne gwada littafin mai unguwa da na asibiti da na masu rigakafi, inda suka saɓa da yawa a tura mutum ya je ya duba.

Jaririn da aka rubuta sunansa bana a Ungogo, an san shekarar da zai nemi gurbi a aji ɗaya, an san unguwar, kuma akwai shekara shida a tsakani da za a nemi fili tun bai yi tsada ba, a gina ajin, a horar da malamin da zai karɓe shi.