Shin Maza Sun Fi Mata Iya Girki?

Mutane da yawa a Sakkwato suna ɗauka cewa tunda maza ne suka cika ɗakunan girki na manyan otal-otal, to sun fi mata gwaninta ke nan. Wannan fahimta kuskure ce, domin tsarin aikin ne ya kawo bambancin.

Sana'ar kuku ta shigo ƙasar Hausa a zamanin Turawan mulkin mallaka, waɗanda suke ɗaukar maza aiki a gidajensu, lokacin da matan aure ke cikin kulle. A Turai ma, Auguste Escoffier, wanda ya jagoranci ɗakin girkin otal ɗin Savoy a Landan daga 1890, ya shimfiɗa aikin bisa matakan muƙami irin na soja, ga tsayuwa har tsakar dare, abin da ke da wuya ga macen da raino ke jiranta a gida. Duk da haka, a 1933 wata mace kuku 'yar Faransa, Eugénie Brazier, ta samu taurarin Michelin 6, wato lambar yabon da ake bai wa gidajen abincin da suka yi fice.

Tsire, balangu da kilishi kuwa sun rataya ne ga fawa, wadda sana'ar gado ce ta maza. Amma masa, ƙosai da furar da ake sayarwa a unguwanni, mata ne ke yin su daga cikin gida, kuma wannan sana'a ce cikakkiya, ko da ba a rubuta ta a takardar albashi. Macen da ke tuƙa tuwon ɗaruruwan mutane ranar biki tana auna gari, ruwa da wuta da ido kawai, kuma ta sallami kowa a kan lokaci.