Ba amya ce matsalar zumarmu ba

Jama'ar Maradi, na gaji da jin masu cewa amya ta tsufa, wai sai an raba akwatunan zamani kafin zumarmu ta gyaru. Ni ban yarda ba.

Duk wanda ya bi ta Madarunfa zuwa dajin Baban Rafi ya ga amya a saman itatuwa. Ciyawa ake saƙawa, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta, a ɗaure a reshe. Ko dala ba a bai wa kafinta. Akwai gidajen da tun kaka da kakanni da kuɗin zuma suke awon hatsi in rumbu ya yi ƙasa.

Abin da ya canza shi ne hannun mai ɗiba. Akwai wani dattijo a danginmu, sai dare ya yi yake hawa, riƙe da busasshen kashin shanu mai hayaƙi, babu harshen wuta. Ya buɗe marfi, ya hura kaɗan, ƙudan su ja can ciki. Saƙar da ta nuna kawai yake yanka, wadda suka rufe bakinta da kaki. Da zarar ya iso inda 'ya'ya suke, sai ya tsaya ya mai da marfi, alhali yana ganin zuma a gabansa. Jikansa ya taɓa yin ƙorafi, sai dattijon ya ce masa: "Kai yaro, in ka kwashe duka, baɗi me za ka hau nema?"

Yau kuwa wasu damin ciyawa suke cinna wa wuta su cusa. Ƙudan su ƙone, a kwashe har 'ya'ya, a matse komai wuri guda. Shi ya sa za ka sayi zuma ka ji ƙauri, ka ga toka, bayan 'yan makonni ta yi kumfa ta yi tsami, domin an haɗa da wadda ba ta nuna ba. Amyar kuma ta zama kango. Da zuma ta yi wuya, sai masu dafa sukari su cika kasuwa da jarkoki. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, abin da Allah ya ambata da waraka a Suratun Nahli!

Sai maganar itace. A nan yankin Maradi aka fara sassabin zamani a 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, ya shawo kan manoma su bar kututture ya tofo a gona. Daga baya abin ya kai wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Mai amya ya fi kowa cin moriya, musamman a gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ya yi fure bayan ruwa ya ɗauke, daidai lokacin da furen gona ya ƙare. Mai sare gawo don itacen girki, da mai fesa wa wake magani da hantsi yana cikin fure, dukkansu suna cutar mai amya ko ba su sani ba. Feshin nan in an bari sai yamma lis, ɓarnar tana raguwa.

Ba ƙin akwati nake ba, yana da sauƙin dubawa. Amma mai haɗama ko akwati ka ba shi, wawushewa zai yi. Masu tallafi, ku fara da zaunar da matasa gaban dattawan nan tun suna raye, ku ba su rigar kariya da abin hura hayaƙi. Mu masu saye kuma mu daina taya zumar kirki da kuɗin ruwan sukari. Ni dai da saƙarta nake saye, kuma farashin da mai ita ya yanka nake biya.