Idan jirgi ya tsaya a tsibiri, don Allah ku rage gudu

Jama'a, masu shirin shiga manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke zagaya tsibiran Tekun Indiya, ina da magana da ku. Abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai tara kuɗinsa da guminsa, ya shiga jirgi don ya huta, amma da zarar an tsaya a Zanzibar ko Seychelles sai ya koma kamar mai bin bashi. Yana son ya ga wuri biyar kafin la'asar. Ya wuni cikin mota, ya dawo jirgi da ciwon kai da hotuna ɗari uku, kuma in ka tambaye shi ƙanshin garin ko ɗanɗanon abincinsa ba shi da abin faɗa. Ra'ayina shi ne a kowace tasha mutum ya zaɓi abu ɗaya, kusa da inda jirgi yake, ya ba shi wuninsa gaba ɗaya.

Mu fara da lissafin lokaci, don a nan ake yaudarar kai. Takardar jirgi za ta ce isowa ƙarfe 8 na safe, tashi ƙarfe 5 na yamma. Sai mutum ya ƙirga awa 9. Ba su kai ba. Da jirgi ya iso, sai jami'an ƙasar sun duba takardu sun ba da izini kafin a buɗe ƙofa, wannan kan ci rabin awa, wani lokaci awa guda. Idan tashar ba ta da zurfin da babban jirgi zai matso gaɓa, sai ya saki anga can cikin teku, a riƙa jigilar mutane da ƙananan jiragen da yake ɗauke da su. A nan ana raba tikiti mai lamba, kuma waɗanda suka sayi yawon da kamfanin jirgin ya shirya su ake fara sauke wa. Kai mai fita da kanka, ƙarfe 9 da rabi ƙafarka za ta taɓa ƙasa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ƙarfe 5 lokacin tashi ne. Lokacin da ake son kowa ya kasance cikin jirgi yakan zama rabin awa kafin nan, ƙaramin jirgin jigila na ƙarshe kuma yakan bar gaɓa tun kafin haka. Mai hankali zai ƙara wa kansa awa guda ta tsaro, ya kasance a bakin tasha ƙarfe 3. Daga 9 da rabi zuwa 3, awa biyar da rabi ke nan. Da ita za ka yi tsari.

To ɗauki Zanzibar. Da ka fito za ka tarar da direbobi suna kiran Nungwi, bakin ruwan nan na can ƙurewar arewa mai farin yashi. Wuri ne mai kyau, babu musu. Amma tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce daga gari, zuwa da dawowa awa 3. Cire su daga awa biyar da rabi, cire lokacin cin abinci da canza kaya, abin da ya rage maka a bakin ruwa bai fi awa ɗaya da ɗan wani abu ba, kuma rabinsa idonka na kan agogo. Sannan hanyar shiga gari da rana tana cunkushewa. Taya ɗaya ta fashe, shi ke nan zuciya ta fara dukan uku-uku.

Alhali ga Stone Town a gabanka, tsohon garin da mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Daga bakin tasha da ƙafa ake shiga. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta shiga yawancinsu, duk wanda ya san cikin birnin Kano ba zai ji baƙunta ba. Gidajen da dutsen murjani aka gina su, kuma tsayinsu yana jefa inuwa a lungu ko da tsakar rana. Tsaya gaban ƙofa ɗaya ka ƙare mata kallo: katako mai kauri an sassaƙa shi da zanen furanni da sarƙa, wasu da rubutun Larabci a sama, wasu da manyan ƙusoshin tagulla masu tsini jere a jikinsu. Mai sauri zai wuce ƙofa hamsin bai ga ko ɗaya ba.

Da ni zan tsara wa mutum wunin, da safe kafin rana ta take zai fara da kasuwar Darajani, lokacin da kifi ke da ɗanye kuma ba a gaji ba. A nan zai sayi kanumfari da kirfa da masoro da gyaɗar ƙamshi, ya murza a tafin hannu ya shinshina kafin ya biya, don wanda ya daɗe a ajiye ƙanshinsa ya tafi. Daga nan ya taka zuwa cocin Angilikan da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu gajeren rufi da ake nuna wa baƙi, da wurin baje kolin tarihin cinikin bayi. Wannan wuri yana son awa guda cikakkiya da natsuwa, bai kamata a leƙa a fice ba. Azahar ta yi, masallatai sun yi yawa a garin, ga na Malindi mai tsohuwar hasumiya kusa da tasha. Bayan salla ya nemi urojo, wani romo mai ɗan tsami da ake zuba wa dankali da soyayyen ƙulli irin na ƙosai da tsire, ya bi da gahawa a ƙaramin finjali a Jaws Corner, dandalin da dattawa ke zama hira. Ya ƙarasa a bakin teku wajen tsohuwar ganuwar da Omanawa suka gina, Ngome Kongwe, da lambun Forodhani. Gidan Beit al-Ajaib na Sarkin Zanzibar Barghash, ginin 1883, yana nan gefe, sai dai wani sashensa ya rushe a Disambar 2020, don haka kar a gina tsarin wuni a kan shigarsa. Kasuwar abincin Forodhani da ake ta yabo kuwa ta dare ce, sai magariba take ci, jirgin da zai tashi ƙarfe 5 ba zai same ta ba.

Duk wannan zagayen bai raba mutum da tasha da fiye da tafiyar minti 20 a ƙafa ba. Ko an ɓata a lungu, kuma za a ɓata, tambayar hanyar teku kawai za a yi a fito.

Ga wani tarko da ban cika jin ana faɗa ba. Masu jin Suwahili suna ƙirga awa daga fitowar rana. Ƙarfe 7 na safe shi ne “saa moja” a wurinsu, wato awa ta ɗaya. Tazarar awa 6 ce cif. Idan mai kwale-kwale ya ce zai dawo ɗaukarka “saa tisa”, awa ta tara, ƙarfe 3 na rana yake nufi. In ya ce “saa kumi”, ƙarfe 4 ne, ka riga ka shiga hatsari. Kada ku rabu sai ka nuna masa lokacin a fuskar agogo ko ka rubuta masa a waya ya gani ya amince. Ƙari a kan haka, jirgi yana da nasa agogon, kuma shi ake bi. Zanzibar na gaban Najeriya da awa 2, Seychelles da awa 3, kuma ba kullum kyaftin ke canza agogon jirgi daidai da na ƙasar da aka tsaya ba. Waya kuwa da ta kama layin gari za ta canza lokaci da kanta ba tare da ta sanar da kai ba. Maganin abin shi ne agogon hannu na talaka, a saita shi da na jirgi kafin a sauka.

Wanda ransa ke son ruwa a Zanzibar, tsibirin Changuu da ake kira Prison Island tafiyar kamar rabin awa ce a kwale-kwale mai inji, akwai manyan kunkuru irin na tsibirin Aldabra na Seychelles. Ku yi ciniki a gama kafin a shiga: kuɗin na mutum ɗaya ne ko na kwale-kwalen duka, da shilin ɗin Tanzaniya ne ko da wane kuɗi, awa nawa zai jira, kuɗin shiga tsibirin yana ciki ko daban ne. A biya rabi a tafiya, rabi a dawowa. A ɗauki hoton sunan kwale-kwalen, don da rana gomman irinsa ne ke jere. Rigar ceto kuma a ƙirga ta da ido, kowa da tasa har yara, in ba su cika ba a nemi wani.

A Seychelles, tsibirin La Digue shi ya fi nuna abin da nake faɗa. Tsawonsa kamar kilomita 5 ne, motoci kaɗan ne, kowa keke yake hawa. A bakin gaɓar La Passe ake ba da hayar keken. Kada ka karɓi na farko da aka miƙo maka. Matsa birki na gaba da na baya, juya feda ka ji ko sarƙa na tsalle, daidaita sirdi, domin iskar gishiri tana cin ƙarfe kuma birkin da ya yi tsatsa a gangara yake nuna halinsa. Hannun hagu ake bi. Cikin minti 15 za ka isa gonar L'Union Estate, a biya kuɗin shiga, a ratsa ta cikin itatuwan kwakwa zuwa Anse Source d'Argent, inda manyan duwatsu masu santsi suka tsaya cikin ruwa kamar an dasa su. Murjani ya tare igiyar teku daga nesa, shi ya sa ruwan ke kwance. Amma a duba jadawalin cika da janyewar teku na ranar, don in ruwa ya janye bai fi gwiwa ba, ga duwatsu a ƙasa, iyo ba ya yiwuwa. Jama'a sukan cunkushe a kwanar farko. Ci gaba da tafiya minti 10 ta tsakanin duwatsun, za ka sami inuwa da sarari.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne a ce bari a haɗa da bakin ruwan Grand Anse a ɗaya gefen tsibirin. Akwai tudu a tsakani wanda yawancin mutane turin keke suke yi, kuma can babu murjanin da ke tare ruwa. Daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin iskar kudu maso gabas, ruwan wurin yana ja da ƙarfi, har an kafa allunan gargaɗi. Wanda ruwa ya ja shi kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, ya yi iyo a kaikaice daidai da gaɓar har ya fita daga jan. Wanda bai iya iyo ba kuwa kada ya wuce ƙugu ko'ina ne. Haka kuma masu cewa daga Mahé, babban tsibirin Seychelles, za su tsallaka tsibirin Praslin su ga dajin Vallée de Mai da kwakwar nan tasa mai girman ban mamaki su dawo: jirgin ruwan fasinja da ke tsakaninsu awa guda yake yi kowane ɓangare, kuma da jadawalinsa yake tafiya. Irin wannan nisa, in dole ne, a sayi yawon daga kamfanin babban jirgin da ya kawo ka. Ya fi tsada, amma in motarsu ko jirginsu ya makara ana jiransu. Wannan shi ne amfanin yawon kamfani na gaskiya, kuma ban ga laifin mai biyan kuɗinsa don shi ba.

Rana a waɗannan tsibirai ba ta wasa ba ce, kuma iskar teku tana ɓoye zafinta. Kada mu ce mun saba da ranar arewa. Can akwai laima a iska, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Baƙar fata ma tana ƙuna. A riƙe ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu ga kowane mutum, hula ko lema, man kariya daga rana a sake shafawa duk awa 2 da bayan fitowa daga ruwa, da takalmin roba mai rufe ƙafa saboda wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke kwanciya tsakanin duwatsu, ƙayarta tana karyewa cikin nama. Daga 12 zuwa 2 a nemi inuwa a zauna. Dattijo ko mai hawan jini ko mai juna biyu, wannan zaman wajibi ne a kansa. Kuma zaman nan ne yake sa kuɗinka ya shiga hannun mai shayi da mai tuya da mai sassaƙa na garin, maimakon ya ƙare a man mota.

A duba ranar da za a tsaya tun kafin a biya kuɗin tafiya. Juma'a a Zanzibar shaguna da yawa na rufewa lokacin salla. A Ramadan gidajen abinci da dama a rufe suke da rana. Lahadi kuwa birnin Victoria na Seychelles kusan shiru yake. Batun biza ma a bincika wa kowace ƙasa da ke kan hanya gwargwadon fasfon da kake riƙe da shi, domin kamfani na iya hana ka shiga jirgi tun daga tashar farko in takardar ƙasa ɗaya ba ta cika ba, ko da ka ce ba za ka sauka a can ba.

In kuwa an makara, jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kansa, saboda yana da lokacin da aka ba shi na barin tasha da tafiyar dare a gabansa. A takardar shirin yini da ake sa wa a ɗaki akwai suna da lambar wakilin jirgin na wannan tashar. A ɗauki hotonta kowace safiya kafin a sauka. Da ka ga alamar ba za ka isa ba, shi za ka kira tun kana hanya, don ya sanar da jirgi. Idan an tafi an bar ka, galibi wurinsa ake ajiye fasfonka in an same shi a akwatin ɗakinka ko a ofishin jirgi. Daga nan kuɗin masauki da na jirgin sama zuwa tasha ta gaba daga aljihunka za su fito, kuma daga Zanzibar zuwa Mahé yawanci sai an bi ta Nairobi ko Addis Ababa. Saboda haka katin banki, da maganin da kake sha kullum na kwana biyu, da hoton fasfo, su kasance cikin jakar da ka sauka da ita.