Allolin Girka a Bangon Attajiran Italiya

Mutane da yawa idan suka ga zanen Venus ko Jupiter (sunayen da Romawa ke kiran wasu allolin Girka) a bangon gidajen attajiran Italiya na wajen ƙarni na 16 sai su ɗauka masu gidan suna bauta musu ne. Sam ba haka ba ne. Kiristoci ne, kuma an daina bautar waɗannan alloli fiye da shekara dubu kafin a yi zanen.

Ga misalin Agostino Chigi, hamshaƙin mai banki da har fafaroma ke cin bashinsa. Wajen 1512 ya sa shahararren mai zane Raphael ya zana masa Galatea, 'yar ruwan tatsuniyar Girkawa, a gidansa na Roma, wanda yau ake kira Villa Farnesina. Fresko aka yi, wato ana shafa launi a kan ɗanyen shafen bango, ya bushe tare da shi. Shi dai wannan Chigi ya sa Raphael ya tsara masa ɗakin ibada a cocin Santa Maria del Popolo.

To me ya kawo alloli? Nuna ilimi da arziki ne. Sanin waƙoƙin Ovid, mawaƙin tsohuwar Roma da ya rubuta labaran waɗannan alloli, alama ce ta wayewa a lokacin, mai kuɗi kuwa yana son baƙi su sani. Akwai siyasa ma: a fadar Te da ke birnin Mantua, Giulio Romano ya zana Jupiter yana murƙushe ƙattin da suka yi masa tawaye, gargaɗi ga mai ja da sarauta.